Ciwon Dajin Furostet: Idan An Gano Shi Bai Yaɗu Ba, Wane Magani Za A Zaɓa?

An shirya wannan jawabi ne domin a karanta wa iyaye maza a azuzuwan manya da zaurukan unguwannin cikin birnin Kano. An buga shi a nan domin mutanen karkara su ma su amfana. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

 

Maganar yau ta iyaye maza ce, musamman waɗanda suka haura shekara 50. Amma iyaye mata da 'ya'ya su ma su kasa kunne, domin idan maigida ya kwanta, gidan ne duka ya kwanta.

Magana ce a kan magidancin da ya je asibiti aka yi masa gwaje-gwaje. Likita ya zaunar da shi, ya gaya masa cewa an sami ciwon daji a furostet ɗinsa, amma ciwon bai yaɗu ba. Likita ya ƙara da cewa hanyoyin magani sun fi ɗaya, ya je gida ya yi tunani. Mutum ya fito da takarda a hannu, kansa ya ɗaure. Wannan ya ce a yi tiyata. Wancan ya ce kul ya yarda a taɓa shi da wuƙa. Wani ya ce ya san mai magani a Kasuwar Kurmi. To, wace hanya zai bi?

Mece ce furostet?

Furostet wata 'yar tsoka ce da Allah ya halitta wa maza kaɗai. Girmanta kamar ƙaramin goro ne. Tana nan a ƙarƙashin mafitsara, ta zagaye hanyar da fitsari yake bi ya fita. Aikinta shi ne samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi.

Idan namiji ya manyanta, furostet takan kumbura ta matse hanyar fitsari. Shi ya sa dattijo yakan yi ta tashi fitsari cikin dare, ko ya yi ta yunƙuri kafin fitsari ya zo. Yawancin wannan kumburi na tsufa ne kawai, babu daji a cikinsa. Ciwon daji kuwa shi ne idan wasu ƙwayoyin halitta na cikin furostet suka lalace, suka shiga hayayyafa ba tsari. Mutane sukan kira shi ciwon dajin mafitsara, amma a cikin ita furostet yake.

Ba a ɗaukar wannan ciwo daga wani. Miji ba ya shafa wa matarsa. Jifa ko sammu ba sa kawo shi. Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarinsa su ne tsufa, da gado, da kasancewar mutum baƙar fata. Shi ne ciwon dajin da ya fi kama maza a Nijeriya. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kaɗai, sama da mutum 18,000 ne suka kamu da shi a ƙasar nan.

Da yawa daga cikin masu wannan ciwo ba sa zuwa asibiti sai ya riga ya shiga ƙashi. Saboda haka wanda aka gano nasa tun yana cikin furostet, ya gode wa Allah. Irin nasa ne ake iya warkarwa. Marigayi Nelson Mandela na Afirka ta Kudu an gano masa wannan ciwo a shekarar 2001. Ya yi magani na mako bakwai, ya rayu har shekarar 2013, yana da shekara 95, kuma ciwon huhu ne ya zama ajalinsa. Shi ma Farfesa Wole Soyinka ya fito fili a shekarar 2014 ya faɗa wa duniya cewa ya yi wannan ciwo kuma ya yi magani. A shekarar 2024 aka yi bikin cikarsa shekara 90.

Abubuwa uku da ke cikin takardar asibiti

Kafin a yi maganar zaɓen magani, dole mutum ya san irin ciwon da yake ɗauke da shi. Ciwon dajin furostet iri-iri ne. Wani mai sanyi ne, yakan yi shekara da shekaru bai motsa ba. Wani kuma mai zafi ne, yana saurin yaɗuwa. Likita yana gane bambancin ne da abubuwa uku.

Na farko, gwajin jini da ake kira PSA. Idan lambar tana ƙasa da 10, ana ɗaukarta mai sauƙi. Daga 10 zuwa 20, matsakaiciya. Sama da 20, mai haɗari. Amma a lura, hauhawar PSA kaɗai ba ta tabbatar da daji, domin kumburin tsufa da ciwon sanyin mafitsara su ma suna ɗaga ta.

Na biyu, gwajin nama. Likita yakan sa siririyar allura ya ɗebo 'yan ƙananan yanki daga furostet, a duba su da madubin likita. Wannan gwaji shi ne yake tabbatar da cewa daji ne. A jikin takardar sakamako za a ga an rubuta kalmar Gleason, da lamba a gefenta. Sunan likitan Amurka ne da ya tsara wannan ma'auni. Lamba 6 tana nufin mai sanyi. Lamba 7 matsakaici. Lamba 8 da 9 da 10 mai zafi.

Na uku, iyakar inda ciwon ya kai. Likita yakan sa yatsa ta dubura ya taɓa furostet ya ji. Wasu mazan suna gudun wannan don kunya, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ba ya ɗaukar ko minti biyu. Bayan haka akan ɗauki hoton MRI, wani lokaci da hoton ƙashi, don a tabbatar ciwon bai fita waje ba.

Da waɗannan abubuwa uku ake sa mutum a ɗaya daga cikin rukuni uku: mai ƙaramin haɗari, mai matsakaicin haɗari, da mai babban haɗari. Tambayar farko da mara lafiya zai yi wa likita ita ce: a wane rukuni nake? Ya sa a rubuta masa amsar a takarda, ya adana.

Ba a gaggawa, ba a kuma sakaci

Da jin kalmar daji sai hankali ya tashi, mutum ya ga kamar gobe zai mutu. A wannan ciwo, idan bai yaɗu ba, akwai lokacin yin tunani. 'Yan makonni na shawara ba sa ɓata komai. Akwai wani babban bincike da ya nuna haka.

A ƙasar Birtaniya, tsakanin shekarar 1999 da 2009, an tara maza 1,643 masu shekara 50 zuwa 69, waɗanda aka gano musu wannan ciwo bai yaɗu ba. Aka kasa su kashi uku ta hanyar ƙuri'a, da yardarsu. Kashi ɗaya aka yi musu tiyata. Kashi na biyu aka yi musu gashi da na'ura. Kashi na uku aka sa musu ido kawai, ana auna su lokaci-lokaci. A shekarar 2023 aka fitar da sakamakon shekara 15. A kowane kashi, cikin mutum 100, kimanin mutum 3 ne ciwon ya kashe. Wato 97 cikin 100 ciwon bai kashe su ba, ko wace hanya aka bi.

Amma an ga bambanci a wani wuri. Cikin waɗanda aka sa wa ido, ciwon ya yaɗu a jikin mutum 9 cikin 100. Cikin waɗanda aka yi wa tiyata ko gashi, mutum 5 ne cikin 100.

A yi hattara da wannan labari. Yawancin mutanen da aka yi binciken a kansu Turawa ne, an gano nasu da wuri ƙwarai, kuma ba sa fashin zuwa asibiti. Ba hujja ba ce ta mutum ya naɗe takardarsa ya sa a ƙarƙashin katifa. Darasin da ke ciki shi ne: hanyoyin nan uku duk hanyoyi ne na gaskiya, kowace da ribarta da wahalarta.

Hanya ta farko: sa ido

Wannan hanya ta mai ƙaramin haɗari ce. Ba a yi masa tiyata, ba a yi masa gashi. Ana auna jininsa duk bayan wata uku zuwa shida. Likita yana duba shi, kuma bayan wani lokaci a sake hoto ko gwajin nama. Da zarar an ga alamar ciwon ya fara motsi, sai a koma tiyata ko gashi tun lokaci bai ƙure ba.

Ribarta ita ce mutum yana ci gaba da sana'arsa da zaman iyalinsa yadda ya saba. Wahalarta ita ce zullumi, da kuɗin gwaji da na mota a kai a kai. A wancan bincike na Birtaniya, kimanin mutum 6 cikin 10 na waɗanda aka sa wa ido, daga baya sai da aka yi musu tiyata ko gashi.

Sa ido aiki ne, kamar gadin gona lokacin da gero ya nuna. Mai gadin da ya tafi ya kwanta, tsuntsaye ya yi wa noma. Duk wanda ya san ba zai iya cika alƙawarin asibiti ba, saboda nisa ko rashin kuɗi ko mantuwa, ya faɗa wa likita gaskiya tun farko, domin wannan hanya ba ta dace da shi ba.

Hanya ta biyu: tiyata

A wannan hanya ana cire furostet ɗin gaba ɗayanta, sannan a sake haɗa mafitsara da hanyar fitsari. Mutum yakan kwana 'yan kwanaki a asibiti, kuma yakan zauna da robar fitsari mako ɗaya zuwa biyu. Ta fi dacewa da mai sauran ƙarfi, wanda ba shi da ciwon zuciya mai tsanani.

A nan akwai abin da ya kamata kowa ya gane. Wannan tiyata daban take da wadda aka saba yi wa dattawa masu kumburin tsufa. A waccan ana kwashe cikin furostet ne kawai don fitsari ya sami hanya, a bar ɓawonta. Ita ba ta warkar da daji. Tiyatar daji aiki ne na ƙwararren likitan mafitsara, kuma ba kowane asibiti ake yin ta ba. Ba rashin kunya ba ne mara lafiya ya tambayi likita sau nawa ya taɓa yin irin wannan aiki.

Ribar tiyata ita ce ana yin ta sau ɗaya. Ana duba naman da aka cire a san ainihin ƙarfin ciwon. Bayan aiki lambar PSA takan faɗi kusan babu, don haka idan ciwon zai dawo ana saurin ganewa, kuma ana iya bin sa da gashi.

Wahalarta guda uku ce, kuma gara a faɗe su a fili. Ta farko, yoyon fitsari. A binciken Birtaniya, wata shida bayan tiyata, mutum 46 cikin 100 suna sa abin tare fitsari a wando. Bayan shekara shida suka ragu zuwa 17. Ta biyu, raunin gaba. Kafin magani, mutum 67 cikin 100 suna da ƙarfin kusantar iyali. Shekara shida bayan tiyata, 17 ne suke da shi. A ɓangaren gashi 27 ne, a ɓangaren sa ido 30, domin tsufa shi ma yana nasa aikin. Ta uku, bayan an cire furostet maniyyi ba ya ƙara fita, wato haihuwa ta hanyar da aka saba ta ƙare. Mai amarya ko mai burin ƙarin 'ya'ya ya san da wannan kafin ya sa hannu a takarda.

Game da salla, malamai sun yi bayanin hukuncin mai yoyon fitsari tun da daɗewa, kuma addini ya yi masa sauƙi. Ya tambayi malaminsa. Kada tsoron rasa tsarki ya hana shi neman lafiya.

Hanya ta uku: gashi da na'ura

Sunan ne kawai gashi, babu wuta a ciki. Mutum yakan kwanta a kan gado, na'ura ta auna furostet da wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, wanda yake kashe ƙwayoyin dajin. Ba a jin zafi lokacin da ake yi, kuma 'yan mintoci ne. Mutum ya tashi ya tafi masaukinsa, babu wata illa ga waɗanda yake zaune da su.

Nauyin wannan hanya shi ne yawan zuwa. Ana yi kullum daga Litinin zuwa Juma'a, wani mako huɗu, wani har mako bakwai ko takwas. Ba a son a katse a tsakiya. Asibitocin da aka sani da sashen gashin daji a Arewa sun haɗa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. A shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta buɗe sabuwar cibiyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Irin waɗannan na'urori ba su da yawa a ƙasar nan, kuma layi yakan yi tsawo. Saboda haka kafin mutum ya sayar da akuya ya hau mota, ya tambayi likitansa inda na'ura take aiki a wannan lokaci, da yaushe za a ba shi rana. Ya kuma shirya masauki da abinci da mai jinya na tsawon makonnin nan.

Wahalar gashi ita ce yawan fitsari da zafinsa, da gudawa, da kasala, yawanci na ɗan lokaci. Wasu ƙalilan sukan ga jini a bayan gida daga baya. Yoyon fitsari bai kai na tiyata ba, domin a wancan bincike mutum 4 ne cikin 100 bayan shekara shida. Raunin gaba yakan zo a hankali, kuma haihuwa ita ma takan yi wuya. Wani abu kuma: wanda aka yi wa gashi, idan ciwon ya dawo, yi masa tiyata yana da wuya.

Allurar rage sinadarin maza

Wannan ciwo yana samun abincinsa ne daga sinadarin maza da 'ya'yan maraina suke samarwa. Wani likita a Amurka mai suna Charles Huggins ya nuna haka a shekarar 1941. Idan aka rage sinadarin, ciwon yakan lafa. Ana rage shi da allura, duk wata ko duk wata uku, ko kuma a cire 'ya'yan maraina.

Ga mai matsakaicin haɗari, akan haɗa allurar da gashi na kimanin wata shida. Ga mai babban haɗari, akan kai shekara ɗaya da rabi zuwa uku. Tana kawo ɗaukewar sha'awa, da jin zafi da gumi farat ɗaya, da ƙiba, da raunin ƙashi.

Abin lura shi ne allurar ita kaɗai ba ta warkar da ciwon. Kwantar da shi take yi. Cire 'ya'yan maraina kuwa ba a mayar da shi, kuma an fi yin sa ga wanda nasa ya riga ya yaɗu. Duk wanda aka ce nasa bai yaɗu ba, sannan aka kawo masa maganar cirewa, ya nemi cikakken bayani, ya kuma ji ta bakin likita na biyu.

Misalai uku

A ɗauka ga wani tela a Soron Ɗinki, mai shekara 58, lafiyayye. PSA ɗinsa 7, lambar namansa 6. Tafiyar ƙafa ce tsakaninsa da Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata. Yana da ƙananan yara, kuma ya iya rubuta ranar da likita ya ba shi. Irin wannan mutum sa ido ya dace da shi, muddin zai riƙe alƙawari.

A ɗauka kuma ga wani manomi mai shekara 64 daga ƙauye mai nisa. PSA ɗinsa 15, lambar namansa 7, jikinsa da ƙarfi. Shi jira bai dace da shi ba. Zaɓinsa yana tsakanin tiyata da gashi haɗe da allura. Sai ya auna. Zai iya barin gida ya yi wata biyu a wani gari? Akwai ɗan'uwan da zai sauke shi? Wanne ya fi tsoro, yoyon fitsari ko doguwar jinya a baƙon wuri? Likita zai faɗi abin da ya sani, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na uku, dattijo mai shekara 82 a Yakasai, mai hawan jini da ciwon suga, an sami ciwon mai sanyi a jikinsa. Sau da yawa likita yakan ce a ƙyale shi, a riƙa duba shi, a ba shi magani idan ciwon ya fara damunsa. 'Ya'yansa kada su ga kamar an yi watsi da mahaifinsu. Ciwon mai sanyi yakan ɗauki fiye da shekara 10 kafin ya yi ɓarna, kuma wahalar babban aiki tana iya fin ciwon cutar da shi.

Mutum uku, ciwo ɗaya, hanya uku. Don haka kada wani ya ce lalle sai an yi masa irin abin da aka yi wa maƙwabcinsa. Maganin da ya fi shi ne wanda ya dace da rukunin ciwon mutum da shekarunsa, wanda kuma zai iya kai shi ƙarshe. Tsadadden maganin da aka yanke a tsakiya asara biyu ne.

Masu magani a kasuwa da tasha

Kowa ya san masu lasifika a tashoshin mota da bakin kasuwa, masu cewa suna da maganin furostet sha yanzu magani yanzu. Babu wani sassaƙe ko jiƙo ko garin magani da aka tabbatar yana warkar da wannan daji. Haɗarin shi ne ciwon da bai yaɗu ba sau da yawa ba ya sa jin komai. Mutum ya yi ta shan jiƙo yana ganin ya warke, alhali ciwon yana tafiya a ɓoye. Ranar da zai koma asibiti, ya riga ya shiga ƙashin baya. Addu'a da neman magani tare suke tafiya. Wanda yake shan wani abu na gargajiya ya faɗa wa likita, kuma kada ya sha maganin ƙarfin maza ba da sanin likita ba.

Inda za a je da maganar kuɗi

A Kano akwai likitocin mafitsara a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, da Asibitin Mafitsara na Abubakar Imam. Mutumin karkara ya fara da asibitin da ke kusa da shi, ya karɓi takardar turawa.

Kafin a fara kowace hanya, a nemi lissafin kuɗinta daga farko har ƙarshe, har da na allura da gwaje-gwaje da mota da masauki. Wanda yake cikin tsarin Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta Jihar Kano ko inshorar lafiya ta tarayya, ya tambaya abin da tsarin yake biya. Tun shekarar 2021 gwamnatin tarayya ta fara wani asusu na tallafa wa marasa ƙarfi masu ciwon dajin mama da na bakin mahaifa da na furostet, kuma asibitin Shika yana cikin waɗanda aka fara da su. A tambaya a ofishin walwalar marasa lafiya na asibiti. Dangi su ma su zauna su raba nauyi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Iyali suna da haƙƙi

Maza da yawa sukan ɓoye wannan ciwo ga matansu. Wannan kuskure ne. Matar da za ta yi jinya, wadda kuma canjin da zai zo zai shafi zamanta, ta cancanci a yi shawara da ita. Matar da aka yi wa bayani tun farko takan yi haƙuri. Wadda aka ɓoye wa takan zargi kanta ko ta zargi kishiya. Likitoci kuma suna da magunguna da dabarun da suke taimaka wa wasu a kan raunin gaba da yoyon fitsari.

A kuma sanar da 'yan'uwa maza da manyan 'ya'ya. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi wannan ciwo, haɗarinsa ya kai ninki biyu na sauran mutane. Ya kamata ya je ya ga likita a kan gwajin PSA tun yana shekara 45.

Tambayoyin da za a tafi da su asibiti

Matambayi ba ya ɓata. Mara lafiya ya tafi da ɗansa ko amininsa, da littafi da biro, su yi waɗannan tambayoyi:

1. An tabbatar da ciwon ta gwajin nama?
2. Nawa ne lambar PSA da lambar Gleason, kuma a wane rukuni nake?
3. An tabbatar bai fita daga furostet ba?
4. Waɗanne hanyoyi ne suka dace da ni, kuma wace ce likita ya fi so, don me?
5. Me zai faru da fitsarina da zaman iyalina da haihuwa?
6. A ina za a yi, yaushe, kuma nawa ne kuɗin duka?
7. Zuwa yaushe ya kamata in kawo amsa?

Ko wace hanya aka zaɓa, gwajin PSA yana ci gaba shekara da shekaru. A riƙa rubuta kowace lamba da kwanan watanta a littafi ɗaya. Idan kuma aka ga fitsari ya ƙi fita, ko ciwon baya mai tsanani da ba ya sauka, ko ƙafafu sun yi nauyi, a garzaya asibiti a ranar, kada a jira ranar alƙawari.

Jama'a, wanda aka gano masa wannan ciwo da wuri yana da lokaci kuma yana da zaɓi. Ya san rukuninsa, ya ji ta bakin likita, ya yi shawara da iyalinsa, ya duba aljihunsa da nisan hanyarsa, ya roƙi Allah zaɓi, sannan ya koma asibiti da amsa cikin 'yan makonni.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya saka wa masu jinya da alheri.